Allurar gwiwa bayan tiyatar kyamara: wacce za ka yarda a yi maka, wacce za ka ce a dakata?

Ɗan wana ɗan ƙwallo ne, irin waɗanda ba sa fashin fili da yamma. Bara ya dasa ƙafa a ƙasa, jiki ya juya, ƙafar ba ta bi ba, matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya yage. A Kano aka yi masa aiki, irin wanda ba a tsaga gwiwa: huda biyu ƙanana, a zura kyamara siririya ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayar, a cika gaɓar da ruwan gishiri don likita ya ga ciki a jikin talabijin. Bayan azahar aka sallame mu. Muna fita gari yana cewa, "Bappa, wallahi ko ɗis ba na jin ciwo, kamar ba a taɓa ni ba." Mun wuce Wudil yana hira. Mun wuce Birnin Kudu ya yi shiru. Kafin mu kai Ningi gumi ya jiƙa masa riga, ya riƙe kujerar gaba da hannu biyu, duk ramin da muka faɗa sai ya kira sunan Allah. Ƙwayoyin da aka rubuta masa kuwa suna cikin jaka a but, ko ɗaya bai sha ba. Ni da nake aikin gashin ƙashi a nan Bauchi, ni ya kamata in ba shi tun kafin mu shiga mota, kuma har yau abin yana damuna.

Allurar da aka zuba masa cikin gaɓa kafin a rufe hudar ce ta gama aikinta, ta sake shi a tsakiyar hanya. Tun daga ranar na ƙara lura da yadda marasa lafiya ke rikicewa, domin da suna ɗaya, allurar gwiwa, ake kiran abubuwa biyar ko shida da ba su haɗa hanya ba. Wasu na ranar aiki ne, 'yan sa'o'i suke ba mutum ya numfasa. Wasu na bayan makonni ne, kumburi ko tsohon ciwo suke bi. Wanda bai rarrabe su ba zai iya zuba kuɗi a kan abin da ba ya buƙata, ko ya karɓi allura daidai lokacin da ta fi haɗari.

Da me za a auna su

Na farko lokaci ne: yaushe take kamawa, yaushe take saki. Na biyu lafiyar guringuntsi. Wannan farin abu mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashi jini ba ya bi ta cikinsa, shi ya sa in ya lalace ba ya tohowa kamar fata ko tsoka. Na uku ƙwayoyin cuta. Gaɓa a rufe take ruf, duk tsinin allurar da ya shiga hanya ya buɗe. Waɗanda gwiwarsu ke kamuwa bayan tiyatar kyamara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma wanda abin ya faɗa wa sai an mayar da shi ɗakin tiyata an wanke gaɓar, ya shafe makonni a kan magani, wani ma gwiwar ta ƙage ke nan. Na huɗu kuɗi, da ko maganin yana samuwa kusa.

Na biyar shi ne wanda na fi ba muhimmanci: shin tana barin mutum ya motsa ƙafarsa? Ba don jin daɗi kawai ake kashe zogi ba. Gwiwa in ta kumbura tana ciwo, naman gaban cinya yakan daina ɗaurewa cikin 'yan kwanaki, ka ga cinya ɗaya ta fi ɗaya sirantaka. Wanda ciwo ya hana ya miƙe ƙafa ya ɗaga ta a makon farko, shi ne wanda muke shan fama da shi wata biyu kafin ya iya sujada da zaman tahiya, ko tsuguno a bayan gida.

Allurar kashe wuri a ƙarshen aiki

Dangin wadda ake yi kafin cire haƙori ce ko ɗinkin rauni. Wadda aka fi zubawa a gwiwa ita ce bufibaken, da ma'aikatan tiyata ke kira Marcaine. Tana kamawa cikin mintuna, tana riƙewa sa'o'i kaɗan, galibi biyu zuwa huɗu, mai sa'a ya kai shida. Wata irinta, lidoken, ta fi ta saurin saki. Ba ta sa maye, ba ta sa tashin zuciya, ba ta kashe ƙarfin cinya. Wajen kuɗi babu wadda ta kai ta sauƙi, kuma babu ɗakin tiyatar da zai rasa ta, tunda da irinta ake allurar baya ga mai haihuwa ta hanyar aiki.

Inda maganar take shi ne guringuntsi. A watan Nuwamba na 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi bayan ta karɓi rahoton mutum 35 da guringuntsinsu ya narke. Kusan dukkansu a kafaɗa ne, yawancinsu matasa masu ƙoshin lafiya, kuma abin da ya haɗa su shi ne wani ɗan famfo da ake maƙala wa majiyyaci yana ɗiga maganin cikin gaɓa ba tsayawa, sa'a 48 zuwa 72. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa illar tana ƙaruwa ne da kaurin maganin da kuma daɗewarsa a kan guringuntsi. Shi ya sa akwai tazara babba tsakanin zubi ɗaya na maganin da aka surka, da famfon da ke ɗiga kwana biyu. Na farkon na yarda da shi. Na biyun, ko kyauta ne, ban yarda a maƙala wa nawa ba.

Akwai 'yar'uwarta rofibaken, wadda a gwaji ta fi sassauci a kan guringuntsi, sai dai ta fi tsada kuma ba ko'ina ake ajiye ta ba. Akwai kuma dabarar da wasu likitocin ƙashi suka koma: su yi allurar a kewayen hudar kawai, cikin fata da naman da aka ratsa, ba tare da sun cika gaɓar ba. A ƙaramin aiki ciwo mai yawa daga nan yake fitowa, ga shi guringuntsi ya tsira. Mutum yana da damar ya tambayi likitansa wanne yake yi.

Adadin bufibaken da nauyin jiki ake auna shi, iyakarsa kimanin miligiram 2 ga kowane kilo. In ya wuce ƙima ko ya shiga jini, alamun farko su ne leɓe ya yi dundurus, ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne yana ƙara. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba allurar ɗakin kwana ba ce.

Mofin a cikin gaɓa

A 1991 wani likita Bajamushe, Christoph Stein, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya ja hankalin duniya: miligiram 1 kacal na mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, in aka zuba shi cikin gwiwa bayan aiki, yana rage ciwo a wurin ba sai ya je ƙwaƙwalwa ba. An yi ta murna, domin ana fatan samun sauƙin yini guda ba tare da maye ko amai ba. Amma a 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara bincike 28 ta auna, ba ta ga cewa wannan miligiram ɗayan ya fi allurar da babu magani a cikinta ba. Wasu likitoci suna ƙara adadin zuwa miligiram 5 su gauraya da bufibaken, don ɗaya ta kama da wuri ɗayan ya daɗe.

Mofin bai nuna irin waccan illar ga guringuntsi ba, kuma zubi ɗaya a gaɓa ba ya mayar da mutum ɗan ƙwaya, kada wannan ya tsorata kowa. Magani ne da gwamnati ke tsare da shi a ƙarƙashin doka, daga ma'ajiyar asibiti yake fitowa da sa hannu. In likita ya haɗa da shi, madalla. In babu, bai kai a ɗaga ranar aiki dominsa ba.

Allurar jijiyar cinya

Wannan ba cikin gaɓa take shiga ba, amma ita ce babbar kishiyar waɗancan biyun. Likitan sa barci ne ke nemo jijiyar da ke kai saƙon ciwo, da na'urar sikanin, ya zuba maganin a gefenta. Tana riƙewa rabin yini zuwa yini guda, guringuntsi kuma babu abin da ya taɓa shi. Wuri biyu ake yin ta, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Ta matsematsi tana kashe ciwo sosai, amma tana kashe naman cinya tare da shi: mutum ya tashi zai je alwala, ƙafa ta lanƙwashe ya faɗi a kan sabon aiki. Ta tsakiyar cinya daga ciki ta fi barin ƙarfin ƙafa. Ta fi allurar gaɓa kuɗi, kuma sai inda akwai na'urar da wanda hannunsa ya faɗa.

Amfaninta ya fi fitowa a babban aiki, kamar dashen jijiyar tsakiyar gwiwa da ta tsinke, inda ake huda ƙashi. Ga wanda aka datse wa ɗan yagaggen guringuntsi kawai, ta fi ƙarfin buƙata.

Ƙwaya da ƙanƙara

Duk allurar da aka zaɓa, a kan waɗannan take zama. Farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan sa'a shida ga babban mutum, kada ya wuce giram 4 a yini. Sai maganin kumburi irin su ibufurofen ko dikulofenak, bayan an ci abinci, in likita ya amince. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a rubuta musu. A kwana biyu ko ukun farko da agogo ake shan su, ba a jira sai ciwo ya taso.

Ƙanƙara kuwa, ledar ruwa biyu da suka daskare sun isa. A naɗe su da tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini, ƙafa a ɗage kan matashi, matashin a ƙarƙashin dunduniya ba a bayan gwiwa ba, don kada ta saba da lanƙwasa. Kada a kawo ruwan zafi ko man zafi kusa da sabon aiki, komai yawan masu ba da shawarar.

Sitiroyid, wadda sauƙinta ne haɗarinta

Kenacort da Depo-Medrol su ne sunayen da aka fi ji. Tana kwantar da kumburi da gaske. Tana fara aiki cikin kwana ɗaya zuwa uku, sauƙin yakan kai 'yan makonni, sannan ya dusashe. Kuɗinta ba shi da yawa, ana samunta a kantunan magani, kuma nan ne matsalar take.

Wata dattijuwa mai ciwon suga da nake yi wa gashi ta yi fashin zuwa mako guda. Ranar da 'yarta ta kawo ta a Keke Napep, gwiwar ta yi suntum, tana sheƙi, in ka ɗora bayan hannu kamar ka taɓa tukunya. Na ce, "Hajiya, me aka sa wa ƙafar nan?" Ta ce, "Ɗan nan, zogi ne ya hana ni barci, yaron kemis ɗinmu ya yi mini allurar gwiwa, hannunsa da sauƙi." Kwana goma sha biyu ke nan da aikinta. A ranar aka kwantar da ita, aka sake shiga gwiwar aka wanke mugunya. Aikin da ya kamata ta warke cikin mako shida ya ci mata wata huɗu.

Sitiroyid yana danne garkuwar jiki a inda aka zuba shi. Nazarin bayanan majiyyata masu yawa a Amurka ya nuna cewa yin ta lokacin aiki ko cikin watan farko bayansa yana tafiya da ƙaruwar kamuwar gaɓa, shi ya sa likitocin ƙashi da dama ba sa yin ta sai an wuce mako huɗu. In ɗinki aka yi wa guringuntsin ko dashen jijiya, jiran ya fi haka, domin tana rage saurin haɗewar nama. Ga mai ciwon suga, takan ɗaga sugan kwanaki, har mako guda, sai an riƙa aunawa. A baƙar fata irin tamu wurin allurar yakan yi fari-fari, ya daɗe bai koma ba.

Maimaita ta ma ba alheri ba ne. A 2017 aka wallafa wani bincike daga Boston a kan mutum 140 masu sanyin ƙashi a gwiwa: rabi ana yi musu sitiroyid duk bayan mako 12 har shekara biyu, rabi ruwan gishiri. A ƙarshe ciwon ɓangarorin biyu bai bambanta ba, amma guringuntsin masu sitiroyid ya fi zaizayewa. Ba ina cewa ba ta da wuri ba ne. Gwiwar da ta ƙi sacewa bayan wata ɗaya ko biyu, aka zuƙi ruwanta aka tabbatar babu ƙwayar cuta, allura ɗaya a hannun likita takan buɗe hanyar motsa jiki, kuma na ga waɗanda ta taimaka.

Allurar maiƙo da allurar jinin mutum shi kansa

Ta farko sinadarin hayaluronik ne, mai yauƙi irin ruwan da gaɓa ke samarwa da kanta. Da can daga zankon zakara ake tace shi. Ana yin ta sau ɗaya ko a jere mako-mako har uku zuwa biyar, ba ta kamawa sai bayan makonni, wanda ta karɓa yakan ji sauƙi na wasu watanni. Daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ba ta goyi bayan a riƙa yi wa kowa ita ba, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila kuma a 2022 ta ce kada a ba da ita ga sanyin ƙashi.

Ta biyu ita ce PRP: a ɗebi jinin mutum, a juya shi a na'ura, a ware wani sashe a mayar cikin gwiwa. Ita ma da tsada. Wani bincike a Ostareliya da aka wallafa a 2021, kan mutum 288, bai ga ta fi ruwan gishiri ba bayan shekara guda.

Babu ɗayansu da aka yi don zogin tiyata. Wanda gwiwarsa ke ciwo wata uku bayan aiki, sau da yawa tsohuwar zaizayar ce da kyamara ba ta iya gyarawa. Tun 2002 wani bincike a Houston kan mutum 180 ya nuna cewa wanke gwiwa mai sanyin ƙashi da kyamara bai fi aikin da aka tsaga fata kawai aka rufe ba. Irin wannan gwiwar, ƙarfafa cinya da rage ƙiba sun fi yi mata amfani.

| Hanya | Lokacin yi | Daɗewar sauƙi | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Allurar kashe wuri | Ƙarshen aiki | Sa'a 2 zuwa 6 | Kaɗan | Guringuntsi, in an daɗe ana ɗigawa |
| Mofin a gaɓa | Ƙarshen aiki | Amfaninsa ƙanƙani ne | Kaɗan | Ba shi da yawa |
| Allurar jijiyar cinya | Kafin aiki ko bayansa | Rabin yini zuwa yini | Matsakaici | Faɗuwa saboda mutuwar cinya |
| Ƙwaya da ƙanƙara | Daga ranar aiki | Muddin ana bi | Kaɗan | Ciki da ƙoda |
| Sitiroyid | Bayan mako 4 ko fiye | 'Yan makonni | Kaɗan | Kamuwar gaɓa, hawan suga |
| Allurar maiƙo | Bayan an warke | Watanni, ga wasu | Mai yawa | Kumburi, asarar kuɗi |
| PRP | Bayan an warke | Gwaji bai nuna fifiko ba | Mai yawa | Asarar kuɗi |

Wa ya dace da wacce

In ƙaramin aiki ne, datse yagaggen guringuntsi ko ciro ɗan gutsuren da ke yawo a gaɓa, allurar kashe wuri sau ɗaya, a kewayen huda ko a surke cikin gaɓa, da ƙwaya da ƙanƙara sun wadatar. In dashen jijiya ne, a nemi ganin likitan sa barci tun kafin ranar aiki, a tambaye shi allurar tsakiyar cinya, kuma kada a taka ba sanda sai ƙarfin ƙafa ya dawo. Wanda aka gyara wa guringuntsin kan ƙashi shi kansa, ya fi kowa dalilin cewa a yi allurar a wajen gaɓa.

Mai ciwon suga ya yi nesa da sitiroyid sai da sanin likitan da ya yi masa aiki. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, tunda an rage masa ƙwayoyin da zai iya sha, shi ne wanda allurar jijiyar cinya za ta fi yi wa rana ko da aikin matsakaici ne. Dattijon da ake tallata wa maiƙo ko PRP, ya fara ba gashi da motsa jiki wata uku cur kafin ya taɓa kuɗin. Wanda kuma ciwonsa ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa, ga zazzaɓi, gwiwa ta yi zafi, ko hudar tana fitar da ruwa, ko dambubu ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ba allurar kashe zafi yake buƙata ba, asibiti zai tafi a ranar, ko Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko mafi kusa da shi.

Sai mai doguwar hanya, wanda aka yi wa aiki a Kano ko Abuja zai dawo Bauchi. In da hali ya kwana a can, ya taso da safe. In babu, kafin a sallame shi ya tambayi nas ƙarfe nawa aka yi allurar, da ko an sa masa farasitamol a ƙarin ruwa, don ya san lokacin ƙwayar farko kada ya ninka. Maganin ya kasance a aljihu tare da ruwa da ɗan abin ci. Ya karɓi kujerar baya gaba ɗayanta ko da zai biya kuɗin mutum uku, ƙafa a miƙe kan matashi, ƙanƙara a cikin kula, yana motsa idon sawu sama da ƙasa a kai a kai don jini ya gudana. Duk bayan sa'a ɗaya ko biyu direba ya tsaya, a riƙe shi ya sauko ya ɗan taka.